Akokan Bayan Rufe COMINAK

Yuraniyom ne ya haifi garin Arlit, can cikin hamadar jihar Agadez a arewacin Nijar. Kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da shi a 1971, kamfanin COMINAK ya bi sahu a Akokan, kusa da Arlit, a 1978. Kamfanonin nan ne suka gina asibitoci da gidajen ma'aikata, suka jawo ruwa da lantarki.

Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe. Ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, aka bar tsibin sharar ma'adinai wajen tan miliyan 20 a bakin gari.

Wajibi ne hukumomin Yamai su tsaya a binne sharar nan, kuma asibitin Akokan ya ci gaba da karɓar marasa lafiya.