Sharhi: Ina 'Yan Kwangilar Injina na Ɗambatta Za Su Nemi Aiki?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura ya yada zango a garin Ɗambatta, zai ga irin baiwar da Allah Ya yi wa wannan yanki ta masu sana'ar ƙarfe da injina. Akwai masu walda da masu haɗa bututun ruwa, akwai masu gyaran injin ban ruwa da janareto da injin niƙa da na casar shinkafa, kuma a 'yan shekarun nan an samu matasa da suka ƙware wajen ɗora famfon da ke aiki da hasken rana. Amma idan aka zo batun kwangila, wato a kafa rijiyar burtsatse da tankinta a wata mazaɓa, ko a sanya injina a wata masana'anta, sau da yawa sai mu ga an kawo kamfani daga nesa, na gida kuwa ya ƙare a matsayin ɗan ƙodago. Wannan lamari ya wuce batun abincin 'yan sana'a kawai, domin duk ranar da famfon ya tsaya a Fagwalawa ko Sansan, wanda ya kafa shi ya daɗe da tafiya, kuma mata da yara ne za su koma jigilar ruwa.

A ganinmu, aiki bai yi ƙaranci a wannan yanki ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sanin inda ake samun labarinsa a kan kari, da kuma zama cikin shiri kafin labarin ya zo.

Kamar yadda aka sani, a shekarar 2007 ne Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar sayen kayayyaki da bayar da kwangila, wadda ta samar da hukumar BPP, kuma Jihar Kano ta yi tata dokar a shekarar 2021. Ginshiƙin irin waɗannan dokoki shi ne a yi shelar aiki a fili, a ba kowa damar shigar da tanda, a buɗe takardun a bainar jama'a, sannan a ba wanda farashinsa ya fi sauƙi daga cikin waɗanda suka cika ƙa'ida. A matakin tarayya, doka ta tanadi a liƙa sanarwa a allon ma'aikatar da ke da aikin, a kuma buga ta a manyan jaridun ƙasa da jaridar tanda ta gwamnati. Ke nan ɗan kwangilar da ba ya duba jarida, ba ya leƙa shafukan intanet na ma'aikatu, ba ya kuma ziyartar allon sanarwa na sakatariyar ƙaramar hukuma, zai ji labarin aiki ne bayan an rufe akwatin tanda.

To amma ko ita sanarwar, mataki ne na kusa da ƙarshe. Mafarin kowane aikin gwamnati shi ne kasafin kuɗi, wanda ake gabatar wa Majalisar Dokoki a ƙarshen shekara, kuma a cikinsa ake jera ayyukan da kowace ma'aikata ke shirin yi. Mai hangen nesa zai nemi wannan kundi, ya duba abin da aka ware wa samar da ruwan sha a karkara, da noman rani, da asibitoci da makarantu, ya san tun da wuri ƙofar da zai riƙa leƙawa. A nan gida ƙofofin ba kaɗan ba ne. Ɗambatta ce hedikwatar shiyya ta biyu ta hukumar bunƙasa aikin gona da raya karkara ta jiha, KNARDA, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako, ga babban asibiti, ga kuma madatsar ruwa ta Tomas da aka gina a wannan yanki a shekarun 1970, wadda manoman rani ke dogaro da ita. Dukkansu wurare ne masu famfuna da bututu da injina da ke buƙatar sabuntawa da kulawa. Har ila yau akwai hukumar samar da ruwa da tsaftar muhalli a karkara, RUWASA, da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are mai hedikwata a Kano, da kuma shirin ACReSAL na yaƙi da zaizayar ƙasa da fari, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a shekarar 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja.

Hanya ta biyu ita ce karɓar wani yanki na aiki daga hannun babban ɗan kwangila. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021 aka kuma ba kamfanin Mota-Engil, ya ratsa ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Babu ƙaramin kamfani da zai yi takarar aiki irin wannan, amma manyan ayyuka kan zo da ƙananan buƙatu, kamar samar da ruwa a sansanin ma'aikata, da gyaran injina, da ayyukan walda. Wanda ke son irin wannan aiki ba tanda zai jira ba. Zai kai takardar gabatar da kamfaninsa ga ofishin sayayya na babban kamfanin, tare da shaidar ayyukan da ya taɓa yi. Shawararmu a nan ita ce kada a fara aiki sai an rubuta yarjejeniya da ta fayyace farashi da lokacin biya.

Hanya ta uku, wadda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, ita ce ta 'yan kasuwa. Masu injinan casar shinkafa da na matsar man gyaɗa, da gidajen mai, da gonakin kaji, da masu sarrafa ruwan leda, da makarantu da asibitocin kuɗi, ba su cika buga sanarwa a jarida ba. Sukan tambayi wanda suka yarda da shi ne, ya nuna musu gwani. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoma da masu ƙananan masana'antu da dama sun karkata ga famfon hasken rana domin guje wa tsadar mai, kuma wannan kasuwa ce da ba ta buƙatar sanin kowa a ofis. Duk inda aka ga ana aza tubalin sabon gini, can ne ya kamata a yi sallama, tun kafin a rufe bango a rasa inda za a bi da bututu.

Sai dai Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya fi kayar da ƙananan 'yan kwangila shi ne takardu, ba ƙwarewa ba. A ayyukan tarayya ana neman rajistar kamfani da hukumar CAC, da shaidar biyan haraji ta shekaru uku, da shaidar hukumomin fansho da ITF da NSITF ga waɗanda dokokinsu suka shafa, da rajista a kundin BPP. A ayyukan jiha kuma ana neman rajistar ɗan kwangila da jihar. Inda aikin ke buƙatar injiniya, akan nemi mai rajista da COREN. Ba a haɗa waɗannan cikin mako guda. Wani sauƙi da aka samu shi ne dokar kamfanoni ta shekarar 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista. Waɗanda ƙarfinsu bai kai ba kuwa suna iya haɗa gwiwa, mai walda da mai bututu da mai lantarki, su shiga da suna ɗaya, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bugu da ƙari, wajibi ne a yi hattara da farashi. Tun bayan sakin darajar Naira a watan Yunin 2023, kuɗin famfuna da kayan gyaran da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo. Wanda ya karya farashi don ya ci tanda, ƙarshensa ko dai ya sanya kaya marasa inganci, ko ya bar aikin a hanya, kuma sunan da ya ɓaci a yanki irin namu, inda kowa ya san kowa, yana da wuyar gyaruwa.

Su ma jami'an ƙaramar hukuma da sauƙe nauyi a kansu, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Yana da kyau kowace sanarwar tanda ta fito da Hausa, a liƙa ta a sakatariya da ofisoshin hakimi da dagatai, a kuma karanta ta a rediyo, yadda na Ajumawa da na Gwarabjawa za su ji a rana ɗaya da na birni. Haka nan ana iya kasa babban aiki kashi-kashi a cikin sanarwa guda, alal misali rijiyoyin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar, domin ƙananan kamfanoni su iya shiga. Wannan ya sha bamban da datsa kwangila a ɓoye don kauce wa tanda, wanda dokar tarayya ta ɗauka a matsayin laifi. Sannan a riƙa sanya sharaɗin kulawa da gyara na wani lokaci a cikin yarjejeniya, a kuma biya wanda ya kammala aiki a kan kari, domin ƙaramin ɗan kwangila da kuɗinsa ya maƙale wata shida ba zai sake shiga tanda ba.

Daga ƙarshe, muna kira ga ƙungiyoyin masu sana'a na Ɗambatta da su wakilta mutum guda da zai riƙa bibiyar kasafin kuɗi da jaridu da allunan sanarwa yana sanar da sauran, su kuma riƙa halartar zaman buɗe tanda ko da ba su shiga ba, domin a nan ne ake koyon yadda ake cin nasara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma famfon da ɗan gari ya kafa ba ya kwana uku a lalace ba a ga mai shi ba.