Zare: MRI ɗin da ya dace da Wurno, Rabah da Goronyo

1/ Duk sanda aka tashi maganar asibiti, sai ka ji ana cewa a sayo "babbar na'ura". Ni a ganina, a harkar MRI, babbar ba ita ce matsalarmu ta farko ba. Ku ɗan biyo ni.

2/ MRI abu biyu ne a taƙaice: maganaɗisu mai ƙarfi, da koyil, wato wayar jan ƙarfe da ake kifa wa mutum a kai ko a gwiwa. Koyil ke aika siginar rediyo cikin jiki, ya saurari amsar da haidurojin na ruwan jikinka ya mayar. Da amsar nan kwamfuta ke haɗa hoto.

3/ Ƙarfin maganaɗisu da tesla ake auna shi, kuma kowace tesla na buƙatar kusan megahaz 42.6. Ke nan tesla 1.5 wajen 64 ne, tesla 3 wajen 128, tesla 7 kusan 300. Gidajen rediyon FM tsakanin 88 da 108 suke.

4/ A tesla 7, zangon siginar cikin jiki yana gajarcewa har ya kasa faɗin kan mutum. Sai wani gefen hoto ya yi haske, wani ya yi duhu, nama kuma ya riƙa ɗaukar zafi. Shi ya sa injiniyoyi ke raba koyil gida-gida, kowane da saitinsa. Faransa har ta kai tesla 11.7, ta fitar da hoton ƙwaƙwalwar mutum a 2024.

5/ Madalla da su. Amma irin waɗannan sai hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili, da wutar da ba ta ƙiftawa. A Rabah? Haba jama'a.

6/ Yanzu yaron da kansa ke kumbura da ruwa a Goronyo, ko dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye a Wurno, sai an kwaso shi zuwa Sakkwato. Ga kuɗin mota, ga fargabar hanya. Wani ma ba za a kawo shi ba.

7/ Akwai wata hanyar. Swoop ta kamfanin Hyperfine tesla 0.064 ce kacal, ana tura ta kan taya, a jona ta a soket. An yi aiki da ita kan yara a Blantyre ta Malawi. A Jami'ar Mbarara ta Uganda kuma, da haɗin gwiwar masana daga Leiden, an harhaɗa mai kusan tesla 0.05, babu hiliyam.

8/ A wannan ƙarfin siginar ba ta kai megahaz 3 ba, koyil ɗin naɗa waya ake yi. Samarinmu masu naɗin fanka da janareto sun riga sun san rabin aikin hannun. Lissafi da awo ne suka rage.

9/ Wani zai ce hoton bai kai na babbar ba. Gaskiya ne, ƙaramin ƙari na iya ɓuya, don haka asibitin koyarwa na UDUTH na buƙatar mai ƙarfi. Amma don a gane ko ruwa ya taru a kan jariri, ƙaramar ta wadatar.

10/ Roƙona ga gwamnatin jiha da Jami'ar Usmanu Danfodiyo: a buɗe ɗakin gwaji na koyil da ƙananan MRI, a ɗauki ɗaliban fiziks da lantarki daga gabashin Sakkwato. Kai kuma ɗalibi mai neman batun furojet, ga shi nan kyauta. Ka tura wa malaminka zaren nan.