Gwajin da ya ƙi ƙarewa: harshen gida a makarantun Damargu

Tun shekarar 1973 aka buɗe ajin farko na gwajin koyarwa cikin Hausa a birnin Damagaram. Yaran da suka zauna bisa benci a wannan aji yau sun yi jikoki, amma abin bai gama fita daga matsayin gwaji ba. Manomin Damargu yakan jarraba sabon irin hatsi damina ɗaya ko biyu. In ya ga albarka, sai ya cika gona da shi. Wane irin iri ne za a shekara hamsin ana jarrabawa?

Amsar bincike ta daɗe da fitowa. A 1953 hukumar UNESCO ta bayyana cewa yaro ya fi koyo cikin harshen da ya tashi da shi. A Ife ta Nijeriya, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun koyar da yara shekara shida cikin Yarabanci, aka tarar Ingilishinsu bai gaza na sauran ba. A nan Nijar, awon da aka yi wa makarantun gwaji ya nuna ɗalibansu sun fi na lakwal ɗin da aka saba fahimtar karatu, har cikin Faransancin kansa. Dalilin a fili yake: haɗa baƙi da sauti sau ɗaya ake koyonsa, kuma wanda ya koye shi cikin maganar da yake ji yakan ɗauke shi zuwa kowane harshe.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar tsarin ilimi ta 1998, wadda ake kira LOSEN, ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji, dokar 2001 kuma ta lissafa guda goma. Duk da haka, binciken PASEC na 2014 ya tarar fiye da yara tara cikin goma da ke ƙare firamare a Nijar ba su kai matakin da ake bukata a karatu ba. Wannan shi ne hukuncin da ya hau kan tsarin da ke tarbar ɗan shekara bakwai a Gangara ko Tarka da harshen da bai taɓa ji a gidansu ba. Yana haddace allo kamar aku, yana maimaita aji, daga bisani uban ya maida shi gona ko kiwo. Wa zai ga laifin uban?

Masu ja suna cewa iyaye Faransanci suke so, domin shi ke kai yaro ofis. Gaskiyarsu ce. Sai dai hanyar da suke karewa ita ce ta kasa ba yaro Faransancin. Wasu kuma na cewa babu littattafai da malamai. Wannan ikirarin sakaci ne: INDRAP ta daɗe da shirya littattafai cikin harsunan ƙasa, makarantar horon malamai ta Askia Mohamed kuwa tana nan Damagaram.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Masu murna su yi hattara. Damargu ba ta Hausawa kaɗai ba ce: akwai Abzinawa, Fulani, Dagirawa da Larabawa. Binciken da ya goyi bayan Hausa ga ɗan Tanut shi ne ya goyi bayan Tamashek da Fulfulde ga ɗan makiyayi a Tenhiya ko arewacin Belbeji. Wanda ya tilasta wa wannan yaro Hausa ranar farko ya maimaita kuskuren da yake zargin Faransa da shi.

Saboda haka abin da ya kamata ƙungiyoyin malamai da na al'adu su nema a fayyace yake. A tura malami inda yake jin harshen yara. A horar da shi rubutun harshen bisa ƙa'ida, domin iya magana daban, iya koyarwa daban. A kai littafi hannun kowane yaro kafin a buɗe aji. A shigo da Faransanci da baki tun farko, a hankali, har ya zama abokin tafiya. A kuma zauna da iyaye a nuna musu yaron da ke karanta wasiƙa da kansa, domin gani ya kori ji.

Kowane watan Oktoba sababbin yara na shiga aji a Damargu, kuma shekarar da ta wuce su ba ta dawowa.