Kukan Kurciya Jawabi Ne

Akwai wata cuta da ta kama waɗansu ma'aikatan gidajen talabijin da na kamfanonin jiragen sama a Nijeriya, watau raina kukan jama'a. Mutum ya sayi tikiti da kuɗin guminsa, ya yi sammako zuwa filin jirgi, a bar shi zaune tun hantsi har la'asar sakaliya, ba wanda zai fito ya gaya masa dalili. In ya yi magana a ce ya cika mita. Magidanci kuma ya zauna da iyalinsa bayan lisha, a cika masa ɗaki da talla da jawaban manya, ko a sako wasan da zai sa ya sunkuyar da kai gaban 'ya'yansa. In ya rubuta takarda, sai a jefa ta cikin fayil, ta zauna nan har gara ta ci.

Masu wannan hali su tuna da Nigeria Airways. An kafa shi a 1958, ya ƙasaita har jiragensa suna zuwa Landan da Jidda. Amma jinkiri, da sayar da kujera ɗaya ga mutum biyu, da bashi, da rashin riƙon amana suka taru suka cinye shi, aka rufe shi a 2003. Fasinjoji sun daɗe suna kuka kafin nan. Da an saurara, da watakila an ga ɓarakar tun tana ƙarama.

Masu kare su suna cewa hazo ne yakan hana jirgi sauka Kano da hunturu. Gaskiya ne. To, amma hazon ne ya hana ma'aikaci buɗe baki ya ba da haƙuri? Na talabijin kuwa cewa suke, wanda ba ya so ya kashe akwatinsa. Wannan maganar ba ta da tushe, gama gidan gwamnati da dukiyar jama'a ake tafiyar da shi, na 'yan kasuwa kuma da idon jama'a yake samun talla. Tun da aka buɗe talabijin a Ibadan a 1959, da Kaduna a 1962, ba a taɓa yin shiri domin kujerun ofis su kalla ba.

Sai dai jama'a ma suna da nasu laifi. Gunaguni a zaure iska ne, ba ya shiga rajista. Hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992, tana karɓar ƙara a kan shirye-shirye, NCAA kuma a kan jirage. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ba matafiyi zuwa ƙasashen waje kwana 7 ya rubuta ƙara in an lalata masa kaya, kwana 21 in an jinkirta su. Wanda ya bari wa'adin ya wuce, ya yafe hakkinsa da kansa.

Saboda haka wanda aka cuta ya rubuta, ya sa kwanan wata, da lambar jirgi ko sunan shiri, ya ajiye kwafi. Wanda aka rubuta wa kuwa lalle ya amsa, domin albashinsa daga aljihun mai kukan nan ya fito. Allah ya sa a gane.