Kada a Auna Tarihinmu a Kan Sikeli

Makon jiya ina koyar da darasin sufuri a aji shida, na tambayi yarana wa ya taɓa ganin jirgin ƙasa yana tafiya. Ba wanda ya ɗaga hannu sai yarinya ɗaya, ita ma a waya ta gani. Wani ya ce shi dai ya san layin dogo, wurin da mamarsa ke kasa kaya a Adum. Aka yi dariya, ni kuwa abin bai ba ni dariya ba.

Jirgi ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, layin Accra kuma aka kammala shi a 1923. Kafin nan kakanninmu kan yi watanni a hanya da jakuna, ta Salaga, kafin goro ya kai Kano. Da dogo ya zo sai hanya ta juya: a loda goro zuwa bakin teku, jirgin ruwa ya kai shi Legas, wani jirgin ƙasan ya haura da shi Arewa. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka fara bin hanyar tekun nan da goro. Zangonmu da wannan ciniki ya cika ya batse. To ashe kan jirgin nan mai cin kwal yana fitar da tururi ba kayan Bature kaɗai ba ne, namu ne mu ma.

Ku dubi Saliyo. An rufe jirginsu a tsakiyar shekarun 1970, amma wasu ma'aikata suka adana kawunan jirgi da taragai a Cline Town, yau ga shi gidan tarihi ne, an buɗe shi a 2005. Wani kan jirgin nasu kuwa, mai lamba 85, 'yan Birtaniya suka saya a 1975 suka kai Wales, ya yi shekaru yana jan masu yawon buɗe ido da kuɗinsu. Abin da aka ga kamar shara a nan, can tikiti ake yanka masa.

Na san abin da za a ce: mutane na neman abinci, Malam na maganar tsohon ƙarfe. Gaskiya ne, kuma nawa albashin ma ba ya kai ƙarshen wata. Amma a Suame nake zaune. Kullum ina wucewa ta Magazine, ina ganin masta da yaransa sun tayar da lorin da kowa ya yi wa sallar gawa. Hannun da ke wannan, in aka haɗa shi da tsofaffin ma'aikatan reluwe tun suna raye, zai iya da tukunyar tururi. Aiki ne ga samari, ba ado ba.

Sai dai lokaci na ƙurewa. Sabon dogon da ake shimfiɗawa mai faɗi ne, tsohon kuwa siriri, ƙafa uku da rabi, don haka tsohon kai ba zai hau sabon layi ba. Roƙona ga hukuma biyu ne: a fito da jerin tsofaffin kawuna da taragan da suka rage kafin masu sayen ƙarafa su kai su sikeli, sannan a bar mana ko da 'yan kilomitoci na tsohon layi a gefen Kumasi. Sarakunan Zango da limamanmu su sa baki. Ranar da aka busa usur, ni zan fara kawo ajina.