Alhaji, Tambayi Mai Gyaran Kwamfutarka Zancen Ƙofa Ta 3389

Tun kullen korona na 2020 'yan kasuwa da yawa suka ɗanɗana daɗin zama a gida su buɗe kwamfutar ofis ta intanet, su duba ciniki, su ga abin da ya rage a sito. Hakan ya yi kyau. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda mu masu gyara muke haɗa musu abin.

Tsarin Remote Desktop na Microsoft, wanda ake buɗe kwamfutar da shi daga nesa, yana bi ta ƙofa mai lamba 3389. Mai gyara kan shiga na'urar rarraba intanet ta ofis, ya wangale wannan ƙofa ga duk duniya, ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa. Na taɓa duba kundin shige da fice na irin wannan kwamfuta a wani shagon magani. Layi bayan layi, dare da rana, ana ta gwada shiga da sunan Administrator daga ƙasashen da mai shagon bai taɓa takawa ba. Kalmar sirrin kuwa sunan shagon ce da 'yan lambobi a ƙarshe! Manhajoji ne ke yawo suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa, kuma in suka dace, sai a kulle maka bayanai a nemi kuɗin fansa.

A 2019 aka gano ɓarakar BlueKeep a tsarin Remote Desktop, wadda ke ba ɓarawo damar shiga ko da bai san kalmar sirri ba. Abin ya kai Microsoft ta fitar da gyara har ga Windows XP da ta daina kulawa da shi tun 2014.

Wasu abokan sana'a sukan sauya lambar ƙofar kawai. Yaudarar kai ce, don masu farautar suna leƙa sauran lambobin ma.

Aikin gaskiya shi ne a rufe 3389 daga waje. Mai shiga ya fara bi ta killatacciyar hanya ta VPN, irin su WireGuard, ko ta RD Gateway da ke bi ta ƙofa ta 443 a ɓoye bayanai. A kunna NLA don a tantance mutum kafin ya ga allon kwamfutar, a sa asusu ya kulle idan an yi ta kuskuren kalmar sirri. In kuma hoto na tsinkewa saboda raunin sabis, a duba saitin UDP, kada a kwance tsaron don neman sauri.

Alhaji, kira mai gyaranka yau ka tambaye shi ko 3389 a buɗe take. In ya ce eh, kada ya bar ofishin sai ya rufe ta.