Idan Za Ka Gyara Kod, Ka Kira Harafi Da Sunansa

Duk wanda ya taɓa gina manhaja mai karɓar rubutun Hausa ya san fayil ɗin nan da kowa ke gudun buɗewa: wanda ke kula da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Galibi za ka same shi cike da lambobi irin su 0199 da 0257, an warwatsa su a wurare biyar ko shida, babu bayani ko ɗaya. Ra'ayina shi ne gyara wannan fayil yana cikin ayyuka mafi daraja a manhajar, amma sai mai gyaran ya san abin da zai share da abin da zai bari.

Kowane harafi a tsarin Unicode yana da lamba, kusan kowanne kuma yana da suna. Ƙaramar ƙ lambarta U+0199, sunanta LATIN SMALL LETTER K WITH HOOK. A yaren Python, aikin unicodedata.lookup yana karɓar suna ya ba ka harafin, unicodedata.name kuma yana yin akasin haka. Kana ma iya saka sunan kai tsaye cikin rubutu ta hanyar alamar \N.

Me ya sa suna ya fi lamba? Dubi U+0257 da U+0256. Na farko ɗ ɗinmu ce. Na biyu ɖ ce mai jela a ƙasa, wadda masu harshen Ewe ke amfani da ita a Gana da Togo. Idan yatsa ya zame wajen buga lambar, kwamfuta ba za ta ce uffan ba, kuma abokin aikinka da ke duba kod ɗin zai wuce bai lura ba. Amma idan ya ga D WITH TAIL a inda ya kamata a ce D WITH HOOK, nan take zai tsaya. Idan kuma ka kuskure rubuta sunan bayan \N, Python zai ƙi tayar da fayil ɗin tun farko. Gara kuskure ya bayyana a kwamfutarka da ya bayyana a wayar mai amfani.

Don haka matakin farko na gyara shi ne a tattara haruffan a wuri guda, kowanne da sunansa, sauran kod ɗin ya riƙa ɗauka daga nan. Wani zai ce ai ya fi sauƙi a ɗauki jerin lambobi daga kaza zuwa kaza a huta. Nan ake faɗawa rami. Manyan Ɓ, Ɗ da Ƙ suna rukunin Latin Extended-B, daga U+0180 zuwa U+024F, tare da ƙananan ƙ da ƴ. Amma ƙananan ɓ da ɗ suna can wani rukuni daban, IPA Extensions. Wanda ya taƙaita kod ɗinsa zuwa rukuni ɗaya ya samu layi mai kyan gani, manhajarsa kuwa za ta karɓi Ɗanladi ta ƙi karɓar ɗaki.

Akwai wata dabara da ake yawan gani, wadda nake ganin ya kamata a ajiye ta. A ɗauki sunan harafi, a yanke duk abin da ya biyo bayan kalmar WITH, sannan a nemo harafin da ragowar sunan ya nuna. Ana yin haka ne saboda hanyar da aka saba cire alamomi a kan haruffa, wato NFD, tana raba é zuwa e da alamarta, amma ba ta taɓa ƙ. Layi uku kacal, kuma yana aiki. Matsalar ita ce lanƙwasar da ke kan ƙ ba ado ba ce. Baki daban, baƙi daban. Gaba daban, gaɓa daban. Idan akwatin bincike ne kake so ya taimaki wanda kibod ɗinsa ba shi da ƙ, to ka rubuta ɗan teburi na haruffa takwas a fili, ka yi amfani da shi wajen bincike kawai. Abin da mutum ya rubuta a matsayin sunansa, a adana shi yadda ya rubuta.

Haka batun 'y. A Nijar an fi rubuta ƴan, a Najeriya 'yan, kuma alamar da ke gaban y tana iya zuwa a matsayin U+0027, U+2019 ko U+02BC. A ido kusan ɗaya suke. A wurin Unicode, ta ƙarshen harafi ce, sauran biyun alamun rubutu ne, shi ya sa kod mai rarraba kalmomi yake ɗaukarsu daban. Layukan da ke kula da wannan sukan yi kama da tarkace ga wanda bai san Hausa ba. Kafin ka share su, rubuta gwaji da kalmomi na gaske.

Masu cewa wannan ɓata lokaci ne suna da hujja ɗaya: abin da ke aiki, a bar shi. Na yarda, idan kai kaɗai za ka riƙe manhajar har abada. Amma kod gado ne, wani zai karɓa. Kuma sunayen abin dogaro ne, domin tun sigar 2.0 ta 1996 Unicode ba ta canza sunan harafi. Har kuskuren rubutu ba a gogewa: sunan U+FE18 yana ƙarewa da BRAKCET har yau, sai dai aka ƙara masa laƙabi mai gyara, kuma Python yana gane irin waɗannan laƙubba tun sigar 3.3. Wannan ma dalili ne na daina kwafo teburin sunaye da hannu, a bar laburaren yaren ya yi aikinsa.

Idan ka gama gyara, gwada kalmomi huɗu: ƙasa, ɗaki, ɓera, ƴaƴa. Mayar da su manyan haruffa, ka dawo da su ƙanana, ka adana, ka nemo. In sun dawo da lanƙwasarsu, gyaranka ya yi.